Jotun: ƙattai biyar da gatari ɗaya

Kamfanin Thunder Lotus na Kanada ne ya fitar da wasan kwamfuta na Jotun a 2015. Jarumar ita ce Thora, 'yar Viking (mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da) da ta nutse a teku, mutuwar da ba ta kai mutum Valhalla, gidan da jarumai ke zuwa in sun mutu a fagen yaƙi. Sai alloli suka gindaya mata sharaɗi: ta kayar da ƙattai biyar, Jera, Fé, Isa, Hagalaz da Kaunan, kafin ta fuskanci Odin, shugaban allolin. Da hannu aka zana komai, labarin kuma da harshen Aisilan ake ba da shi.

Inda wasan ya ciri tuta shi ne nuna girma. Da an shiga fagen fama sai kyamara ta ja baya, Thora ta koma kamar tururuwa a gindin ƙafar ƙato. Makaminta gatari ne, da sara iri biyu: mai sauri marar nauyi, da mai nauyi wanda ke cin lokaci kafin ya sauka. A nan sababbi ke shan kashi, don sukan ɗaga gatarin kafin ƙaton ya gama kai farmaki. Dabarar ita ce a mirgina gefe, a yi sara mai nauyi ɗaya, a janye. A adana baiwar alloli, wato ƙarfin warkarwa na Frigg da garkuwar Heimdall, sai ƙarshen faɗa, musamman da Hagalaz, wadda ke rabuwa biyu. Tuffan allahiya Ithunn da ake samu a hanya na ƙara wa Thora yawan rai. Wanda ya tsallake su zai yaba wa aya zaƙinta.

Tsakanin faɗa da faɗa kuwa, tafiya ce mai tsawo a fili kusan babu kowa, taswirar ma ba ta nuna inda kake.

Akwai abin lura a nan ga duk mai ƙirƙirar duniyar almara. Sunayen ƙattan nan na haruffan rune ne, tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, kowane kuma an ɗaure shi da abu guda: tsiro, kogo, ƙanƙara, hadari, wuta. A tsofaffin labaran Edda, littattafan almarar Aisilan, ba haka jötnar, wato jinsin ƙattan nan, suke ba. Daga gawar kakansu Ymir aka gina duniya, 'yarsu Skadi ta auri Njord, ɗaya daga cikin alloli, ɗansa Freyr ya ba da takobinsa saboda 'yarsu Gerd, mahaifiyar Thor, allan tsawa, ma daga cikinsu take. Surukan alloli ne kuma abokan gabansu, ba dukansu ne ma manya a jiki ba. Jotun ya ɗauki girman ya bar dangantakar, don haka ƙattansa ba su da wata buƙata sai murƙushe ka.