Ruwan abinci na jijiya da aka sa wa Yaya a Jidda

Yayata aka yi wa aikin hanji a wani asibitin kuɗi a nan Jidda, likita ya hana ci ya hana sha, sai dai a jiƙa mata leɓe. Ƙarin ruwan da aka saba bai hana ta ramewa ba, ɗinkin ma ya ƙi kamewa. Shi ne aka rubuta mana ruwan abinci na jijiya, jakar nan mai gida uku: sukari, mai, da amino asid, wanda jiki ke gina tsoka da haɗe rauni da shi. Ana matse ta su gauraye, su koma fari kamar madara, sannan a rataya.

Tsakani da Allah ruwan ya yi aiki. Matar da ko juyi ba ta iyawa sai ga ta zaune tana faɗa wai mun bar mata kai ba kitso. Na yi kuka ranar.

Amma abin da aka yi mana a daren farko har yanzu yana ci mini rai. Irin wanda muka saya mai ƙarfi ne, ta babbar jijiya ta wuya ko ƙirji ake ba da shi. Ma'aikaciyar dare ta jona shi a bayan hannu. Yaya tana cewa "Ƙanwata, hannun nan wuta yake," na je na faɗa, aka ce mu yi haƙuri, haka yake. Kafin asuba hannu ya kumbura suntum, ya yi ja har gwiwar hannu. Da likita ya shigo ya gani, ransa ya ɓaci, ya sa aka cire nan take. Kafin a sa mata bututun wuya lokaci ya ƙure, ita kuwa jakar in an gauraya ta an rataya ba ta wuce awa 24. A gabana aka jefa fiye da rabi a shara. Kuɗin guda ɗaya kuwa ba kaɗan ba ne, inshora kuma ta ce ba ruwanta. Ko "sannu" ba wanda ya ce mana.

Ga sukarinta da ya riƙa hawa, kullum ana tsira mata yatsa, har da allurar insulin, alhali ba mai ciwon sukari ba ce. Wannan ma da ma ba a gaya mana ba.

Ruwan zan sake saya in ta kama, Allah ya kiyaye. Asibitin ne ba zan koma ba. Yaya ta dawo cin tuwo, amma jijiyar hannun nan har yau a sandare take, ko awarwaro ba ta iya sawa.