Na'urar auna danshin ƙasa da matsalar ganyen Ficus lyrata

Ficus lyrata 'yar uwar ɓaure da ceɗiya ce, kuma asalinta dazuzzuka masu yawan ruwan sama na Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Kamaru, amma da zarar an dasa ta a tukunya cikin falo sai ta zama mai wuyar sha'ani. Ƙorafin da aka fi ji shi ne ganyenta na ƙasa yana komawa ruwan ɗorawa yana zuba, kuma galibi ruwa ne ya yi mata yawa har saiwoyi suka fara ruɓewa. Wannan ne ya sa na sayi 'yar na'urar nan mai dogon tsinken ƙarfe da ake cusawa cikin ƙasar tukunya.

Ba ta amfani da batir. Tana da allura mai nuna lamba daga 1 zuwa 10, inda 1 zuwa 3 ke nufin ƙasa ta bushe, 8 zuwa 10 kuma ta jiƙe sharkaf. Amfaninta ya fi fitowa a lokacin hunturu, domin iska kan busar da saman tukunya har ya yi fari, mutum ya ɗauka shukar na jin ƙishirwa, alhali can ƙasa inda saiwoyi suke laka ce. Yatsa ba ya kaiwa wannan zurfin a babbar tukunya, tsinken kuwa yana kaiwa. Tun da na koma jiran allurar ta sauko kusa da 3 kafin na yi ban ruwa, zubar ganyen ta tsaya, ko da yake wanda ya riga ya canza launi ba ya komawa kore.

Sai dai tana da rauni da ya kamata mai saye ya sani. Abin da take aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ƙasa, saboda haka gishirin taki ko na ruwan rijiyar burtsatse kan sa ta nuna danshi inda babu shi, ƙasa mai ɓawon itace da yawa kuma ta sa ta nuna bushewa. Ba a barin ta cikin tukunya, kuma dole a goge tsinken bayan kowane awo don kada ya lalace. Idan tukunyar ba ta da huda a gindi, ko an ajiye shukar a lungu nesa da taga, ganyen zai ci gaba da zama rawaya komai abin da allurar ta nuna. Nau'in da aka haɗa masa ma'aunin haske da na tsamin ƙasa bai gamsar da ni ba, mai auna danshi kaɗai ya wadatar.