Zobe a ƙafa ko na'ura a baya: bin sawun tsuntsayen bakin teku

Tun 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Zoben ba shi da tsada, ba nauyi, kuma yakan daɗe, har a gane shekarun tsuntsu. Sai dai bebe ne. Galibi ba ya ba da labari sai an sake kama tsuntsun ko an tsinci gawarsa, kuma mafi yawansu shiru kake ji. Ko an dace, wuri biyu kawai aka sani: inda aka ɗaura da inda aka gani.

Na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam kuwa hanyar gaba ɗaya take nunawa. Ita ta tabbatar a 2007 cewa wata godwit, tsuntsuwar bakin teku mai dogon baki, ta tashi daga Alaska zuwa Niyu Zilan, sama da kilomita 11,000, ba ta sauka ba. Zobe ba zai taɓa shaida haka ba. Amma tsadarta ta sa tsuntsaye ƙalilan ake ɗaura wa, kuma ƙanana ba sa iya ɗaukarta.

Ni dai, in kuɗi kaɗan ne, zobe zan saya da yawa.