Na'urar Lura da Iskar Taya a Tirelar Kwana: Wacce Ta Dace da Kai?

Direban da ke jan tirelar kwana, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi yawon buɗe ido, shi ne na ƙarshe da yake sanin tayarsa ta sace. Da a ce tayar motar da yake ciki ce, sitiyari zai gaya masa nan take. Ta tirela kuwa tana can baya, babu abin da ya haɗa ta da hannunsa sai ƙugiyar ja. Idan tirelar mai gatari biyu ce, taya ɗaya tana iya yin laushi, 'yar'uwarta ta ɗauke mata nauyi, a ci gaba da tafiya kamar lafiya lau, har sai wani direban ya danna hon yana nuni da hannu. Kafin lokacin roba ta yi zafi ta tsinke, wayoyin ƙarfen da ke cikinta suna ta zabgar ƙasan ɗakin. Su yage murfin taya, su tsinka wayar burki, wani lokaci har bututun ruwa ko na gas ba ya tsira. A ƙarshe kuɗin tayar shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin gyara.

Saboda haka ne masu irin wannan tirela suke sayen na'urar lura da iskar taya, wadda aka fi sani da TPMS. A Amurka, inda tirelar kwana ta fi yawa, majalisar dokoki ta zartar da dokar TREAD a shekarar 2000 bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, kuma daga Satumbar 2007 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta fito da wannan na'ura. Wajibcin bai shafi tirela ba. Wasu kamfanoni suna saka ta tun daga masana'anta, amma galibi mai tirela ne yake nemo wa kansa.

Akwai tsarin da wasu motoci suke amfani da shi, wanda yake gane taya ta yi laushi daga saurin juyawar ƙafa ta hanyar na'urar burkin ABS. Cire shi daga lissafinka, domin yawancin tirelolin kwana burkin lantarki ne da su, ba su da ABS. Abin da ya rage maka shi ne sansa, wato 'yar na'urar da ake saka wa kowace taya da ke auna iskar kai tsaye, kuma iri uku ne a kasuwa.

Na farko, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne mai kama da hular bawul. Ka kwance hular da ke kai, ka murɗa sansa a wurinta, shi ke nan. Ba sai ka je wajen mai faci ba, kuma cikin rabin sa'a ka gama duka ƙafafun. Batirinsa ɗan faifai ne irin na agogo, CR1632 ko CR2032, yana kai wa kamar shekara guda, kuma a yawancinsu da kanka za ka sauya. Kamfanonin TST, TireMinder da EEZTire duk suna da irinsa. Amma ka fahimci yadda yake aiki: domin ya ji iskar, danne zuciyar bawul yake yi ya bar ta a buɗe. Daga ranar da ka ɗaura shi, ɗan zoben robar da ke cikinsa ne kaɗai yake tare iskar tayarka. Idan bai ɗauru sosai ba, ko zoben ya bushe ya tsage, na'urar da ka saya don ta tsare ka ita ce za ta riƙa sace maka iska. Shafa ruwan sabulu a bakinsa bayan ka ɗaura, ka duba ko kumfa tana tashi.

Batun bawul ɗin kansa shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Bawul ɗin roba na gama-gari an yi shi ne don iskar da ba ta wuce psi 65 ba (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), ba kuma don ya ɗauki kaya a kansa ba. Sansa ba shi da wani nauyi a tafin hannu, amma idan ƙafa tana juyawa da gudu sai ya riƙa lanƙwasa bawul ɗin yana kaɗa shi, har gindinsa ya tsage. Idan ka ga wani ɗan tabo a jikin rim daidai inda kan sansa yake, bugunsa yake yi. Maganin shi ne bawul na ƙarfe mai noti, ka kuma sa kuɗinsa da na aikin cikin lissafi tun farko. Ka tambayi irin ƙarfen: sansa mai zaren tagulla a kan bawul na alminiyam yana iya kamewa saboda tsatsar da ke shiga tsakanin ƙarfe biyu mabambanta, ranar da kake son kwancewa ya ƙi.

Wahalarsa ta yau da kullum ita ce duk lokacin da za ka ƙara iska sai ka kwance shi, da shi da ɗan notin hana sata. Wannan ne ya sa aka yi iri na biyu, wanda iska take ratsawa ta cikinsa, sai kawai ka ɗora bakin famfo a kai. Ya fi tsawo, ya fi nauyi, bawul na ƙarfe ya zama dole, kuma iska tana shiga a hankali. Ga babbar mota mai tagwayen tayoyi yana da amfani. Ga tirela mai taya biyu ko huɗu da duk bawul ɗinta suke fili, ban ga abin da zai sa ka ƙara wa bawul nauyi ba.

Na uku yana zama ne a cikin taya, ko a gindin bawul ko a ɗaure da ɗamarar ƙarfe a jikin rim. Ɓarawo ba ya ganinsa, ruwa da gishirin da ake zuba wa hanya don narkar da ƙanƙara ba sa taɓa shi, kuma zafin da yake aunawa na cikin taya ne na gaskiya. Batirinsa galibi a rufe yake, yana yin shekara biyar ko fiye, amma idan ya mutu sai an cire taya daga rim. Haka kuma mai facin da bai san akwai sansa a ciki ba yana iya farfasa shi da ƙarfen cire taya. Wanda ya riga ya yi niyyar sauya tayoyi, wannan ne lokacin da ya fi dacewa ya saka na ciki, tunda aikin ɗaya ne.

Sai ɓangaren da ke gaban direba. Wasu suna zuwa da nasu ɗan allo, wasu kuma manhaja ce a waya. Ni na fi son allo mai zaman kansa, domin waya tana da ayyuka da yawa: ga taswira, ga kira, kuma manhaja tana iya rufe kanta ba ka sani ba. Wasu sababbin motocin Ford, GM da Ram suna iya nuna iskar tayoyin tirela a allon motar, amma sai da sansan da suka dace da tsarinsu, don haka duba takardun motarka kafin ka sayi abin da wataƙila kana da rabinsa.

Saƙon sansa yana tafiya ne ta rediyo, galibi a kan 433 MHz, kuma sai ya ratsa ƙarfen tirela da na mota. Idan tirelar tana da tsawo, nemi wanda yake zuwa da ƙaramin akwatin ƙarfafa saƙo, wanda ake haɗawa da batirin tirela a gaba. Ga tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ga mai sayarwa: idan sansa ya daina magana, minti nawa allon zai yi kafin ya sanar? Wasu sukan ci gaba da nuna tsohuwar lamba na tsawon lokaci, kana kallon psi 65 hankalinka kwance alhali saƙo ya daɗe da yankewa. Tambaya ta biyu, sansan yana aiki ne ko tirela tana tsaye, ko sai ƙafa ta fara juyawa yake farkawa? Mai barci ba zai gaya maka komai da safe ba, lokacin da ya fi dacewa ka san halin iskarka. Ka tabbatar kuma awonsa ya kai iskar tayarka da rara, domin wasu masu araha don ƙananan motoci aka yi su. Araha ba ta ado.

Saitin ƙararrawa kuwa daga iskar sanyi ake farawa, wato kafin a tashi, kafin rana ta bugi tayar. Lambar iskar da ta dace tana rubuce a jikin tirela, gefen hagu daga gaba. Yawanci akan sa gargaɗin ƙasa a kusan kashi 10 cikin ɗari ƙasa da wannan lamba, na sama kuma kashi 20 zuwa 25 sama da ita. Kada ka tsorata idan ka ga iska ta hau a hanya, hakan ɗabi'arta ce, takan ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Fahrenheit. Kada ka rage iskar taya mai zafi. Na'urori da dama suna zuwa da gargaɗin zafi a digiri 70 na Celsius. Sansan waje iska tana bugunsa, don haka lambarsa ba ta kai zafin ciki ba. Amfaninsa shi ne kwatanci. Idan ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi sosai, tsaya ka duba, wataƙila burki ne ya riƙe ko boris ya fara ci.

Abin da na'urar ta ƙware a kai shi ne ƙusa da sacewar iska a hankali. Tayar da ta rube daga ciki kuwa tana iya tarwatsewa da cikakkiyar iskarta, ƙararrawa ta yi kuka bayan aikin gama ya gama. Ko a nan ma ta yi rana, tunda za ka tsaya da wuri kafin ɓarna ta yi nisa, amma ba ta hana fashewar ba. Don haka idan kuɗinka bai isa na'ura da sababbin tayoyi duka biyun ba, tayoyi ne farko.

Duba gefen tayar. Rubutun girman tayoyin tirela yakan fara da haruffan ST, kuma an daɗe ana ƙayyade musu gudun mil 65 a sa'a, kimanin kilomita 105, sai dai in an rubuta wani harafin gudu. Goodyear Endurance, misali, tana da harafin N, wato mil 87. Nauyin da taya take ɗauka yana tafiya ne da iskarta: taya mai girman ST225/75R15 mai matakin ɗaukar nauyi na D tana ɗaukar fam 2,540 a psi 65, mai matakin E kuma fam 2,830 a psi 80. Iska ta ragu, ƙarfin ɗauka ya ragu. Kuma ba za ka san abin da ka ɗora mata ba sai ka hau sikelin manyan motoci da kayanka duka, da ruwa a tanki. Tirela tana iya zama cikin ƙa'ida a jimla amma gefe ɗaya ya yi nauyi, musamman gefen da kicin yake.

Shekaru ma suna nan a rubuce: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar tirela zama ne yake kashe ta, rana da tsayuwa wuri ɗaya, zanenta yana nan kamar sabo amma gefenta ya fara tsattsagewa. Da yawa daga masu sana'ar suna cewa daga shekara biyar a fara shirin sauyawa. Idan kuma taya ɗaya ta fashe a tirela mai gatari biyu, wadda ke gefenta ta sha nauyin biyu na wani lokaci, ita ma a sauya ta.

Ga mai tirela mai taya huɗu wanda tayoyinsa suke da sauran rai, zaɓina shi ne sansa mai hula a kan bawul na ƙarfe, da allo mai zaman kansa, da akwatin ƙarfafa saƙo. Ga wanda zai sauya tayoyi a bana, na ciki. Ko wanne ka ɗauka, ƙara sansa ɗaya don safaya, ka kuma ajiye gejin hannu mai kyau da za ka riƙa gwada lambobin allon da shi.