NVDA, manhajar da makafi biyu suka ƙera: shekara uku ina aiki da ita

Mutane sun dame ni da tambaya wai yaya nake rubutu a kwamfuta alhali sun san idona ya tafi, wani ma cewa ya yi ko yarinyata ce ke min taifin. To ba ita ba ce, ni ne da yatsuna, wadda ke karanta min kuma manhaja ce da ake kira NVDA, shi ne na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani game da ita mai daɗi da mara daɗi, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni hawan jinin ido ne ya cinye min gani a hankali a hankali, har ta kai takardar da na rubuta da hannuna ba na iya karantawa. Abin da ya fi min ciwo a lokacin ba tafiya da sanda ba ne, sirri ne. Takardar albashi sai an karanta min, sakamakon asibiti sai an karanta min, saƙon da ɗan uwa ya turo yana neman rance shi ma sai 'yata ta ji kafin ni in ji, yarinya 'yar aji biyu a sakandare ta san duk abin da ke aljihun ubanta da abin da babu. Har na rubuta takardar ajiye aiki na ajiye a durowa.

Wani yaro ne ya zo gidana, shi tun haihuwa ba ya gani, abokin aikina ne ya haɗa mu. Ya zauna kan tabarma ya ce Baba miƙo min laftof ɗin, ya laluba gefenta ya soka filash, ba a yi minti biyu ba sai na ji kwamfutata da na yi wata takwas ban buɗe ba tana magana. Ya kama yatsana ya ɗora kan F da J inda ɗan tudun nan yake, ya ce Baba daga nan ake farawa, duk sauran haruffan maƙwabtansu ne. Wallahi shekara da shekaru ina amfani da kibod ban taɓa lura da wannan tudun ba. Ranar da dare bayan kowa ya kwanta na sa iyafis na buɗe takardar albashina na saurara ni kaɗai har sau uku, ba don akwai wani sabon abu a ciki ba.

Shi yaron ne ya ba ni labarin masu NVDA. Wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Michael Curran ne ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh shi ma makaho ya shigo suka ci gaba tare, a 2007 suka kafa ƙungiyar NV Access da ke kula da ita har yau. Dalilinsu kuwa tsada. Babbar manhajar da aka sani a lokacin ita ce JAWS, wadda ita ma makaho ne ya fara ta, Ted Henter a Amurka, kuma tana da kyau ba ƙarya, amma cikakken lasisinta yakan kai dala 1,000 ko sama da haka, ka lissafa wannan da naira ka gani. Ta gwaji kuma minti 40 take yi sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. NVDA kyauta ce, ko sisi ba ka biya, sai dai in ka ga dama ka ba da gudummawa.

Kuma in kana aiki da ita kana jin hannun makaho a ciki, wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Mai ido in ya buɗe shafi kallo ɗaya yake yi ya san inda zai dosa, mu kuwa in ba dabara sai ka saurari komai tun daga sama kamar mai jin karatun wasiƙa. To a nan H kawai za ka riƙa dannawa tana tsallaka da kai daga kan magana zuwa kan magana, K ta kai ka mahaɗi, T ta kai ka tebur, in ta cika ka da surutu ka taɓa Ctrl ta yi shiru nan take. Insert da kibiyar ƙasa ta karanta maka takarda daga inda kake har ƙarshe. Ctrl da Alt da N su tashe ta ba sai ka nemi mai ido ya danna maka komai ba. Sannan ga wancan na filash ɗin, kana iya yawo da ita a aljihu ka soka a kwamfutar ofis ko ta shagon intanet ka yi aikinka ka zare abinka. Wanda bai taɓa tsayawa yana jiran a zo a karanta masa ba ba zai yi tunanin waɗannan ƙananan abubuwan ba.

Muryar dai sai haƙuri a farko, musamman eSpeak da ke zuwa da ita, kamar ana magana ta cikin gwangwani, sati biyu na yi kaina na ciwo. Muryoyin Windows sun fi daɗin ji. Amma yanzu na koma gwangwanin nawa saboda ita ce ke jure gudu, na ƙara mata sauri har maman yara ke cewa ita ba ta jin komai sai kurrr.

Babban ƙorafina Hausa ce. An fassara manhajar zuwa harsuna fiye da 50, na bi jerin muryoyin da ke kwamfutata ɗaya bayan ɗaya na tarar da Swahili da Amharik, Hausa babu. In ka bar muryar Turanci ta karanta maka Hausa sai ka rantse wani yare ne daban, haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, wani lokaci ta haɗiye su wani lokaci ta faɗi abin da ba shi ba ne, ƙasa da kasa sai ka koma ka bi harafi harafi kafin ka tantance. Dabarar da yaron ya koya min ita ce in sa muryar Swahili, wasulanta sun fi kusa da namu, da ita nake lallaɓawa. Amma abin na damuna, harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a ce muna aron bakin wasu. Masu ilimin kwamfuta a cikinmu don Allah ku duba wannan, ƙofar a buɗe take, kowa na iya sa hannu a aikin manhajar.

Na biyu kuma ba laifinta ba ne, laifinmu ne. Sanarwa ta fito a wurin aiki, maimakon a turo rubutun sai wani ya ɗauki hoton takardar a karkace da inuwar hannunsa a kai ya jefa a WhatsApp, ko a yi sikanin a mayar PDF. Wannan a wurina daidai yake da farar takarda. Akwai Insert da R da ke ƙoƙarin zaƙulo rubutu daga hoto, in Turanci ne kuma hoton ya fita tas tana yi, in Hausa ce ko an buga hatimi a kan rubutun sai shirme. A haka na rasa wata tantancewar ma'aikata, sai da na yi sati uku ina zarya kafin albashina ya dawo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, to in an ɗauke mu kuma a turo mana takarda yadda za mu iya karantawa mana, rubutun nan fa yana cikin kwamfutar sakatare, kwafi ne kawai ya liƙa.

Ku sani a Windows kaɗai NVDA take aiki, masu waya sai TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone. Kuma kar a yaudare ku, watan farko akwai wuya, in ba ka da mai kama hannunka za ka iya jefar da ita. A shafin NV Access ake sauke ta.

Yaron nan har yanzu yana zuwa duk Asabar bayan la'asar, mun zama mu biyar, huɗu ba ma gani ɗaya mai ido ce da ke karanto mana. Handawut ɗin wasu ɗalibai makafi biyu muke bugawa a Word muna sa wa kowane babi kan magana yadda H za ta kama, mun gama kwas uku, na huɗun hoton da aka ba mu ya dushe sosai muna jiran a samo mana asalin takardar.