Hostin na haɗaka, VPS ko wanda ake kula maka? Duba wannan kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa ɗora WordPress (manhajar gina shafin intanet) a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya san takaicin ganin "Permission denied", ko ka zo sabunta fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress) sai ya ce wai ka kawo bayanan FTP (hanyar tura fayiloli zuwa saba). Yawanci ba abin da ya samu manhajar, rigimar waye mai fayil ce kawai, kuma irin hostin ɗin da ka saya shi zai nuna ko za ka sha wannan wahalar.

Na haɗaka, wanda kuke raba saba ɗaya da wasu, mai cPanel (shafin sarrafa hostin), gaskiya shi ya fi sauƙi. PHP, yaren da WordPress ke gudana da shi, da sunan akawun ɗinka yake aiki, fayilolin ma naka ne, ka sa lambar izinin folda 755, ta fayil 644, shikenan ka huta. Illarsa ba ka da root, wato akawun mai cikakken iko a kan sabar, in manhajar na son a girka wani abu can cikin tsarin sai dai haƙuri.

VPS kuwa, wato saba taka kai kaɗai da aka yanka maka daga babbar kwamfuta, kamar ka sayi fili ne ba gini, komai kai za ka yi, kuma nan mutane suka fi faɗawa. Ka shiga da root ka kwafe fayiloli, duk sun zama na root, shi kuma Apache, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, a Ubuntu (wani nau'in Linux) da sunan akawun www-data yake aiki, to ko hoto ɗaya ba zai iya ajiyewa a foldar uploads ba, sai wani ya ce maka ai chmod 777 (umarnin canza lambar izini) kawai za ka yi. Don Allah kar ka yi, kowane akawun da ke kan sabar ka ba shi damar rubutu a fayilolinka kenan. Umarnin canza mai fayil, chown -R www-data:www-data, a kan foldar shafin shi ne maganin, sannan wp-config.php ka matse shi zuwa 640 tunda kalmar sirrin database na ciki. In AlmaLinux ko Rocky ka zaɓa maimakon Ubuntu, sunan akawun apache ne ba www-data ba, ga kuma SELinux, wani ƙarin tsarin tsaro, lambobin izininka duk daidai amma ya hana rubutu sai ka gyara masa da umarnin semanage da restorecon, shi ya sa sabon shiga na fi so ya fara da Ubuntu 24.04.

Wanda kamfani ke kula maka ya fi tsada sosai, amma in shago kake gudanarwa ba ka da lokacin zama gaban terminal kana buga umarni, ni dai shi zan ce ka ɗauka. Kafin ka tura musu kuɗi tambaye su da sunan wa PHP ke aiki, kuma za su ba ka SSH, wato hanyar shiga sabar ka buga umarni daga nesa?