Sharhi: Shekarar ɗiyata a wata nazare a Tudun Wadan Zariya

Ɗiyata mai shekara 4 ta gama ajinta na farko a wata nazare mai zaman kanta a Tudun Wada, matan unguwa kuma sai tambayata suke ko su kai nasu. Ina ce musu su kai, amma wadda ke son ɗanta ya dawo da littafi cike da ABCD tun makon farko, to ta nemi wani wurin.

Zangon farko kusan babu rubutu. Antin ajin, wadda ta yi NCE a fannin koyar da ƙananan yara, tana zuba musu murafun kwalba da tsakuwa su ware manya daban, ƙanana daban, su ƙirga. Wata rana su zura duwatsun ado a zare, wata rana su murza yumɓu ko su yayyaga tsohuwar jarida. Da na ga kamar wasa ya yi yawa na je na same ta. Ba ta yi dogon bayani ba, ta kamo hannun yarinyar ta nuna mini yadda take dunƙule fensir a tafi kamar muciya. Ta ce, "Maman Yara, yatsun nan ba su yi ƙwari ba. In aka matsa mata yanzu, rubutun za ta tsana." Kafin ƙarshen zango na biyu tana riƙe fensir da yatsu uku, tana zana da'ira ta rufe bakinta tsaf.

Takardar sakamako ma babu na ɗaya babu na biyu. Abin da aka rubuta shi ne ko yaro na jiran layi, ko yana sa takalminsa da kansa, ko yana faɗa in zai zagaya, ko yana iya maimaita tatsuniya daga farko har ƙarshe. Babanta ya juya takardar gaba da baya yana cewa, "To ta nawa ta zo?" Ni kuwa wannan ne ya fi burge ni, domin yarinyar da a da ko gaisuwa sai ta ɓuya bayan zanena, yanzu ita ke zaunar da ƙaninta ta ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi.

Sai dai allon ƙofarsu ya yi zuƙu. An rubuta Montessori da manyan baƙaƙe, kamar yadda ake gani daga Samaru har Sabon Gari. Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, tsarinta shi ne a haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji guda, kowane yaro ya zaɓi aikin da zai yi. A nan kuwa Anti ke zaɓa, kuma an raba azuzuwa shekara-shekara. Aikinsu na da kyau, sunan ne dai aro.

Yara sun yi yawa a aji. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta ce malami ɗaya ga yara 25, nasu kuwa sun haura haka, mataimakiya ɗaya kuma ke yawo tsakanin azuzuwa biyu. Wannan bugu ya kuma ce a koyar da ƙanana da harshen uwa ko na yankin, amma shugabar makarantar takan tsawata in ta ji Hausa a tsakar gida. Allah ya sa Anti na da dabara, in ta ga ido ya raina fata sai ta juya harshe.

Filin wasa babu inuwa, da hunturu kuma ƙura ce kawai. Kuɗin rigar bikin yaye ɗalibai ma ban ga dalilinsa ba ga yaron da bai shiga firamare ba.

Zan mayar da ita baɗi. Mai niyyar kai nata ta je da safe ba tare da sanarwa ba, ta leƙa banɗaki, ta kuma tambayi yara nawa ne a ajin kafin ta biya kuɗin fom.